Birkin Da Ba Ya Son Ladabi

Aikin da aka ba ni ranar Asabar ba shi da wuya. In tashi daga Gusau da safe in je Tsafe in ɗauko yayan surukina, wanda duk dangin matata ke kira Baban Tsafe, in biyo ta gida a Tudun Wada in ɗauki bokitin zoɓo, in sauke su duka biyun lafiya a Bungudu bayan azahar. Ƙanwar matata za a ɗaura wa aure, Baban Tsafe kuma shi ne waliyyi. Ba don hankalina aka zaɓe ni ba, ni ne dai surukin da ke da mota. Golf ce ƙirar 1994, wato ta girmi Jihar Zamfara da shekara biyu. Tana yawonta a Turai tun muna ƙarƙashin Sakkwato.

A cikin garin Tsafe ta fara nuna hali. Na taka birki don wata akuya, sai na ji abin ya yi lagwaf, kamar ka taka nunanniyar gwanda. Na ɗaga ƙafa na sake bugawa da ƙarfi, ya kama cak. Na sauka na buɗe bonet, na leƙa 'yar robar man birki, cike take har wuya. Na durƙusa na duba ƙasa, ko ɗigo babu. Na leƙa bayan tayoyi, a bushe. Mai yana nan, ba ya zuba, mota ta tsaya, akuya ta wuce. Na rufe bonet na kakkaɓe hannu.

Hanyar Tsafe zuwa Gusau kuwa ba inda mutum zai gane lafiyar birkinsa ba ce. A 'yan shekarun nan ba mai tsayawa a kanta don nishaɗi. Addu'a a baki, ƙafa a kan totur, sai dai shingen jami'an tsaro ya tsayar da kai. A shingayen nan, da wajen dutsen Kwatarkwashi, da cikin Gusau inda 'yan kabu-kabu ke faɗo maka ta kowace kusurwa, bugun firgita nake yi wa birkin, shi kuma yana kamawa ba gardama. Muka ɗauki zoɓo, jajir, da ƙanƙara a ciki, an rufe shi da faranti domin murfin bokitin ya tafi wani biki bai dawo ba. Aka zaunar da shi a tsakiyar kujerar baya. Baban Tsafe yana gaba cikin farar shadda da ta sha bugu, carbi a hannun dama, sandarsa a jingine tsakanina da shi. Muka zagaye shataletalen Lalan muka kama hanyar Sakkwato.

Ni ban taɓa kai mota ƙofar gidan surukina ba. Can nesa nake ajiye ta in ƙarasa da ƙafa, yadda ya kamaci mijin 'ya. Shi ya sa ban taɓa lura ƙofar gidan tana da ɗan gangare ba. Amma ranar ina ɗauke da dattijo mai ciwon gwiwa, kuma shi kaɗai ake jira. An shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin rumfa, liman na tsakiya, surukina na gefensa, wakilin ango da mutanensa sun jeru, sauran jama'a sun cika har bakin hanya. A gaban tabarmin kuma takalma ne a jere, sahu guda dogo, kowa ya ajiye nasa inda zai gane shi.

Salansata tana da surutu, don haka tun daga kwana na sa giya a firi, na bar motar ta silalo da kanta. Na gyara hula. Na saisaita fuska. Na ce yau za a ga yadda ake kawo waliyyi. Da ya rage taku kaɗan a kai ga takalman, na ɗora ƙafa a kan birki, na fara dannawa a hankali, cikin natsuwa da girmamawa, don kada wuyan dattijo ya ko motsa.

Birki ya tafi. Na bi shi. Ya ƙara tafiya. Na ƙara bin sa. Ƙafata tana ta sauka tana neman inda za ta tarar da wani abu, har na ji ƙarfe ya taɓa ƙasan mota. Motar kuwa ba ta ƙara gudu ba, ba ta rage ba. Tana nan tana tafiyarta.

Ina so mai karatu ya fahimci irin gudun, domin a nan ciwon yake. Da a guje muka shigo, da an ce haɗari ne, an yi salati, an jajanta mini. To sanƙira ma da ƙafa ya tarbe mu, ya dafa tagar Baban Tsafe, yana tafiya tare da motar ba tare da ya ɗaga ƙafa da sauri ba, yana ta aikinsa: "Ga waliyyi ya iso! Ga dattijon arziki! Ga suruki mai mota ba ta haya ba!" Ya yi taku biyu, muryar ta ɗan sauka: "Alhaji, an iso." Ya ƙara taku: "Alhaji, an iso hwa." Ya leƙo kansa cikin motar: "Nan na gidan, Alhaji!"

Na san nan ne gidan. A gidan nan aka ba ni mata.

Na ɗaga ƙafa na sake dannawa. A hankali kuma, don jama'a na kallo, ba na son a ga ina fafutuka. Ya sake tafiya ƙasa, wannan karon ma ya fi sanin hanya. Murmushin da na saka tun daga kwana yana nan a fuskata, na rasa yadda zan cire shi. Sai na tuna da hambirki. Na kai hannun dama cikin yalwar babbar rigar Baban Tsafe da ta lulluɓe tsakiyar motar, na laluba, na kama wani abu mai tsawo, na fizgo shi sama da dukkan ƙarfina.

"Yaro," in ji Baban Tsafe, bai ko juyo ba, "mi sandata tai maka?"

A gefena wani ɗan yaro yana biye da mu, ya rungumo dutse da hannu biyu zai sa waigi. Yaro mai tarbiyya, ba ya yin abu sai da izinin manya. Yana tafiya yana tambaya: "Kawu, in aza? Kawu, in aza?" Ni kuma bakina ya ƙi buɗewa, domin in na ce ya aza, na sanar wa Bungudu duka cewa motata sai da dutse take tsayawa.

Sai takalma. Silifas ba su da ƙara, taya kawai take hawa ta sauka. Na fata su ne masu magana. Ƙwas. Ƙwas. Ina jin kowane ɗaya a sitiyari. Mutanen sahun gaba suka fara miƙewa, ba da gudu ba, don ba abin gudu ba ne, kowa dai ya tattare rigarsa yana ja da baya yana kallon takalminsa. Liman ya naɗe ƙafafunsa. Wani daga cikin mutanen ango ya ɗaga hannu yana yi mini alamar tsayawa, wai ko ban gane abin da ake bukata ba.

Surukina kaɗai bai motsa ba. Yana zaune daidai saitin bonet, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Al'ada ta hana shi kallona, ta hana ni kallonsa, ga shi kuma babu inda motar ta nufa sai wurinsa. Haka na tunkari mutumin da ya ba ni 'yarsa, a cikin mota, kaina a sunkuye don kunya, hannuna ɗaya riƙe da sandar yayansa. A gabansa kuwa akwai baƙin takalminsa na fata, tsarabar aikin Hajji, wanda ba ya fitowa sai Juma'a da ɗaurin aure.

Ƙwas.

Wannan ƙarar ce ta raba ni da ladabi. Na ɗaga ƙafa har gwiwata ta bugi sitiyari, na sauke ta a kan birkin da dukkan nauyina. Ya kama. Ya kama kamun da bai taɓa yi ba tun da na saye ta. Motar ta dunƙule wuri ɗaya, hancinta ya duƙa a bakin tabarma.

Bokitin bai samu labarin an tsaya ba.

Faranti ne ya fara wucewa ta tsakaninmu ya daki gilashi. Zoɓon ya biyo baya. Ni gefen hannu kawai ya samu. Baban Tsafe kuwa daga hula ya fara, ya gangaro wuya, ya bi aikin gaban riga, ya taru a cinya tare da ƙanƙara. Sanƙira ya buɗe ƙofa, ya ga dattijo jajir tun daga kai har gwiwa, ya saki salati da muryar da Allah ya ba shi don a ji ta a nesa. Kafin a ce me, labari ya shiga cikin gida cewa an kaɗe waliyyi. Guɗar da aka fara ta yanke a tsakiya. Na ji muryar matata a cikin masu kuka, na kuma san ba ni take yi wa ba.

Baban Tsafe ya sa harshe ya lashi leɓensa. Ya yi shiru. Sannan ya ce, "Wa yah haɗa zoɓon ga? Citta ta yi yawa."

Yaron nan ya sunkuya ya aza dutsensa.

Tun ranar, da na kwanta sai gangaren nan ya dawo mini. Akwai tulin yashi a hannun hagu, da na karkata sitiyari kaɗan da shi ke nan. Da na jefa giya na kashe inji, da ta tsaya. Da na ce wa yaron "aza", kalma ɗaya. Duk dabarun nan suna zuwa mini yanzu da daddare, a jere, kowace da sallamarta. A lokacin kuwa abin da ya cika mini kai shi ne kada hulata ta karkace.

Kafin in fito daga motar an riga an kafa kwamiti a kan bonet, kuma shugabansa ya naɗa kansa. Wani dattijo ne mai keke, ba ɗan gayyata ba, wucewa yake yi ya ga taro. Ya jingine keken a jikin motata, ya zagaye ta sau ɗaya hannu a baya, ya ce, "Ni tun daga kwana nis san motag ga ba ta tsayawa." Aka tambaye shi yadda ya gane. Ya ce daga tafiyarta.

Ya leƙo ta taga. "Rediyo na buɗe?" Na ce a buɗe yake, amma na rage murya. Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa. "To kun ji. Shi ka shanye birki. Batur guda na, ba ya iya ɗaukar labaru ya ɗauki tsayawa." Wasu suka gyaɗa kai. Ya miƙa hannu da kansa ya kashe rediyon, ya ce in gwada. Na buga birki da haushi, ya kama. Dattijo ya dube ni, ya dubi jama'a, bai ce komai ba, don aikin ya riga ya yi magana.

Allah ya sa cikin abokan ango akwai bakanike, mai gareji a Gusau, ya zo da yaronsa. Ya naɗe hannun kaftani ya ce in koma mazaunina. Bai taɓa sifana ba. Ya ce in buga birkin a jere da sauri. Na buga, ya yi tauri. "To riƙe. Kada ka ƙara ƙarfi, kada ka saki." Na riƙe. A hankali ƙafata ta fara nitsewa, tana tafiya, har ƙasa. Ya leƙa robar mai, bai ragu ba. Yaronsa ya shiga ƙarƙashi ya shafa bayan kowace taya, ya bi tiyo da bututu da yatsa, ya fito da hannu a bushe.

"Masta ce," in ji shi.

Ya yi mini bayanin a tsaye, ni ina zaune cikin zoɓo. Birkin mota da ruwa yake aiki, domin ruwa ba ya matsuwa: ka danna a nan, ƙarfin ya isa taya. In iska ta shiga bututu, ita tana matsuwa, sai birki ya yi taushi, amma in ka bubbuga ya yi tauri zai tsaya inda yake, maganinsa bilidin. In wani wuri ne ya fashe, ko tiyo ko robar da ke cikin tayar baya, mai zai ragu kuma za ka ga jiƙa. Amma in mai yana cike, ko'ina a bushe, ka riƙe birki yana zamewa ƙasa, to yoyon a ciki yake. Masta ita ce famfon da ƙafarka ke turawa, a cikinta akwai robobi masu baki. In sun cinye, mai sai ya sulale ta gefensu ya koma baya maimakon ya tafi taya, ba ya fita waje balle ka gani. Bugun ƙarfi yana buɗe bakin robar ta manne da bango ta riƙe. Dannawa a hankali kuwa ba ta buɗe ta, sai man ya bi ta gefe ya wuce abinsa.

Wato cikar robar nan da na gani a Tsafe na yi hamdala, ita ce babbar shaidar cutar. Kuma duk hanya birkin yana kamawa ne saboda ina dukansa. Inda na girmama shi, nan ya watsa mini ƙasa a ido.

Ya tsoma yatsa a man ya ɗago, baƙi ƙirin. Ya tambayi yaushe aka canza. Na ce ai ba ya ƙarewa. Ya dubi yaronsa, yaron ya dubi ƙasa. Ashe man birki yana shan danshin iska, shi ya sa masu ƙera motar suka ce a zubar a sa sabo duk shekara biyu. DOT 4 da Golf ke sha, yana sabo sai zafi ya kai digiri 230 yake tafasa, in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. Ruwan nan kuma shi ke sa tsatsa a cikin masta, tsatsar ta ci roba.

Dattijo mai keke ya saurari duk wannan da haƙurin wanda ya san gaskiya. Da aka gama ya ce, "Yaro ya yi karatu. Amma a kawo omo." Wai a kaɗa shi da ruwa a ɗura, haka direbobin manyan motoci ke yi tun yana saurayi, kuma har Kwatano suke zuwa su dawo. Bakanike ya ce ruwa a digiri 100 yake tafasa, birki na yin zafi zai zama tururi, ga tsatsa. Dattijo ya ce to a sa cokali guda na baƙin mai, roba ta kumbura ta toshe. Bakanike ya ce za ta kumbura kam, ita da duk sauran robobin birkin, sannan su ruɓe gaba ɗaya. Dattijo ya ce to ai ga shi ya yarda tana kumbura.

Daga nan ya kawo shawarar da na fi so, wadda har yau in na tuna ta sai in ji sauƙi a raina. Ya ce in koma Gusau da baya-baya. Hujjarsa ita ce tun da aka ƙera motar gaba take tafiya, saboda haka birkin gaba ne ya ƙare, na ribas kuwa yana nan sabo ba a taɓa shi ba. Wani ya ce hanyar Sakkwato ce fa, ga tireloli. Ya ce ai shi ya sa, in kana tafiya da baya kana ganin duk wanda ke biye da kai.

Na tambaye shi, cikin ladabi, ko ya taɓa tuƙa mota. Ya ce Allah ya kiyashe shi. Ya nuna kekensa, babu ko alamar wayar birki a jiki. Ya ce tun mulkin soja ya cire, don birki shi ke sa mutum sakaci. Ya ɗaga ƙafa ya nuna mana dunduniyar takalminsa, ta cinye ta koma gefe guda. "Wanga bai taɓa yi min masta ba." A duk taron nan shi kaɗai ne takalminsa ya tsira, domin shi kaɗai bai cire ba.

An ɗaura aure. Waliyyi ya ba da 'ya cikin rigar aro ta ƙanensa, wadda ta tsaya masa a ƙwauri, gemunsa da sauran ja. Ni ban samu zama a tabarma ba, domin bakanike ya ce yana son ya tabbatar, a daidai lokacin kuma aka ce a yi Fatiha. Na ɗaga hannuwa a bayan sitiyari ina amin, ƙafata tana nitsewa. Da aka shafa, jama'a suka shiga tantance takalma. Surukina ya ɗauki nasa ya juya shi, ƙafar dama ta baje. Ya saka ta haka, ya shiga gida yana jan ta. Bai ce mini komai ba. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Motar a Bungudu ta kwana, da dutsen yaron a ƙarƙashinta. Washegari bakanike ya zo da wata masta daga Gusau ya ɗaura, aka zuba sabon mai, aka yi bilidin tun daga tayar baya ta dama, wadda ta fi nisa da masta, ni ina ciki ana ba ni umarni: buga, buga, riƙe, saki. Birki ya dawo daram, ko a hankali ko da ƙarfi. Muna rufe bonet sai ga dattijo a kan kekensa, ya ja dunduniya ya tsaya. Ya leƙa ya ga rediyo a kashe yadda ya bar shi. Ya tambaya ko ta gyaru, aka ce ta gyaru. Ya ce, "To kak ka sake kunna shi," ya hau ya tafi.

Ashe cikin samarin ango akwai wanda ya ɗaga waya tun shigowarmu kwana, don ya ɗauki isowar waliyyi. Bidiyon ya shiga zauren WhatsApp na dangi, daga can ya fita, jiya wani abokin aikina ya nuna mini shi a ofis bai san ni ne a ciki ba. Yana dariya yana tambaya wane gwani ne ya rage wa hoton gudu haka. Ba wanda ya rage, haka motar ta tafi. Duk wanda abin ya iso wayarsa, don girman Allah ya goge.